Wai ruwan Najeriya ne ke ƙarewa ko mu ne muka yi yawa?

Ɗan_Kwarbai:

Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah masu ilimin ruwa da ƙasa ku zo ku warware min wani abu da ya tsaya min a rai tun jiya.

Rijiyan gidanmu a cikin birnin Zariya kakanmu ne ya haƙa shi, ni dai na tashi na ga ko bazara ya kai bazara ba a rasa na alwala da na girki, Baba ma yana cewa lokacin da suke yara igiya gaba uku ya isa guga ya taɓa ruwa. To bana tun ƙarshen Fabrairu guga ya fara dawowa da laka, muka kira masu yasa suka shiga suka kwashe taɓo suka ƙara masa zurfi kaɗan, sati biyu aka yi ana murna sai ya sake ɗaukewa. Yanzu kullum da asuba ni ne a ƙofar gida ina jiran mai kura, jarka takwas muke saye kuma kafin la'asar an fara rigima a kan wa ya yi wanka da bokiti biyu.

Jiya da daddare ƙanina da ke karatu a Samaru ya nuna min wani zane a waya, wai lissafin ruwan da ke sabuntawa a kowace ƙasa idan an raba wa mutum ɗaya ɗaya. Layin Najeriya tun wajen 1960 yake gangarowa kamar mai saukowa daga dutsen Kufena, daga kusan dubu biyar ya dawo wajen dubu ɗaya. Dubu biyar na mene ne ma ban gane ba. Na ce masa kenan ruwan ƙasar ne ya ƙare saura kashi ɗaya cikin biyar? Ya ce shi ma bai tabbatar ba jarabawa kawai zai yi da shi (yaran yanzu kenan). To tambayata ita ce, wannan zanen shi ne dalilin da rijiyanmu ya ƙafe? Kuma idan haka layin zai ci gaba da sauka, nan da shekara talatin ƴaƴanmu me za su sha?

Malam_Samaru:

Wa alaikumus salam Ɗan Kwarbai. Allah ya kawo sauƙi, wannan bazarar kowa na ji a jikinsa. Zanen da ƙaninka ya nuna maka gaskiya ne, amma fassarar da ka yi masa ce ta ɗan kauce, bari in bi da kai a hankali don abin lissafin raba-daidai ne kawai irin na firamare.

Da farko me ake nufi da ruwa mai sabuntawa. Ba duk ruwan saman da ya zuba ake ƙirgawa ba. A matsakaicin lissafi Najeriya na samun ruwan sama wajen milimita 1,150 a shekara, in ka buga da faɗin ƙasar zai haura kubik mita biliyan dubu ɗaya. Amma mafi yawansa rana ce ke ɗauke shi ya koma sama, wani kuma itatuwa da ciyawa da shuka su sha su fitar ta ganye. Abin da ya rage, wato wanda ya gangara rafi da kogi da wanda ya nutse ƙasa ya cika idon rijiya, shi ake kira mai sabuntawa don kowace damina ana sake zubo shi. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta namu na cikin gida a kan kubik mita biliyan 221 a shekara. In an haɗa da wanda ke shigo mana daga waje, Kwara da ya taso tun daga tsaunukan Gini ya ratso Mali da Nijar, da Binuwai da ya fito daga Kamaru, sai ya zama wajen biliyan 286. Kubik mita ɗaya kuwa lita 1,000 ne, duro biyar kenan, ko jarka arba'in irin mai cin lita 25 ɗin da kake saye.

To ga inda sirrin yake. Wannan biliyan 221 ɗin ba a canza shi a lissafin, matsakaici ne na shekaru masu yawa, lambar da aka sa a 1960 ita ce dai ake sawa yau. Abin da ke canzawa shi ne masu cin tuwon. A 1960 muna wajen miliyan 45, ka raba za ka samu kusan kubik mita 4,900 ga kowane mutum a shekara. Ƙidayar 1991 ta ba da kusan miliyan 89, rabon kowa ya dawo wajen 2,500. Ƙidayar 2006 miliyan 140, ya sauko ƙasa da 1,600. Yau da ake cewa mun haura miliyan 220 sai ya zama dubu ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan, in ka haɗa da na Kwara da Binuwai kuma wajen 1,300. Ka ga kenan layin da ka gani yana gangarowa ba hoton ruwa ba ne, hoton yawanmu ne aka kifa shi. Kwanon tuwo ɗaya ne, da mutum biyu ke ci yanzu an zama goma.

An yi wata masaniyar ruwa ƴar ƙasar Suwidin, Malin Falkenmark, ita ta kawo ma'aunin da ake yawan amfani da shi tun ƙarshen shekarun 1980. In rabon mutum ya yi ƙasa da 1,700 an shiga matsi, ƙasa da 1,000 ƙarancin ruwa ne, ƙasa da 500 kuma ƙaranci mai tsanani. Da lissafin ruwan cikin gida mun faɗo ƙasa da 1,700 tun farkon shekarun 2000, yanzu muna bakin layi na biyu. Hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya nuna za mu haura miliyan 350 kafin 2050, ka raba da kanka ka gani, ɗari shida da ɗoriya zai ba ka.

Amma kar wannan ya hana ka barci yau. Kubik mita 1,000 a shekara ya haura lita 2,700 a rana, sama da jarka ɗari ga mutum ɗaya kullum. Kai kuma gidanku gaba ɗaya jarka takwas kuke kokawa a kai. Ka ga akwai tazara mai nisa tsakanin abin da ke kan takarda da abin da ke cikin randa, kuma a cikin wannan tazarar matsalarka take, ba a cikin zanen ba. Ma'aunin ya yi yawa haka ne don ba sha da wanka kawai aka lissafa ba, har da noman abin da za ka ci da masana'antu da ruwan da dole a bar wa kogi ya ci gaba da gudu.

Bakano_a_PZ:

Hhhh Zage-zagi ba dama, "rijiyan mu ya ƙafe". Malam rijiya dai mace ce, ƙila ma fushin mai da ita namiji da kuka yi ne ya sa ta ɗauke. Ku ba ta haƙuri ku gani.

Amma maganar gaskiya ni ban yarda da waɗannan lissafe-lissafen ba. Wa ya auna? A 2022 ambaliya ta cinye Lakwaja da Bayelsa da Jigawa, a watan Satumba na 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle ruwa ya shiga Maiduguri har gidan zoo, sannan a zo a ce mana muna cikin ƙarancin ruwa? Wannan duk hanyar cewa mu rage haihuwa ce kawai, mun san zancen. Ruwa na Allah ne, wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abin sha.

Mai_Burtsatse:

Salam. Ni ban yi boko mai zurfi ba amma shekara ta goma sha bakwai ina aikin haƙar bohol a Zariya da kewaye, Ɗan Kwarbai bari in gaya maka abin da ido na ya gani ba wanda aka karanta min ba.

Ƙasar Zariya dutse ne a ƙarƙashin ta. Wannan Kufena da kake gani da duwatsun da ke cikin gari, ai kan su ne kawai ya leƙo, sauran jikin yana shimfiɗe a ƙarƙashin gidajen mu. In muka kafa inji, da farko jar ƙasa ce da marmara, sai a shiga ruɓaɓɓen dutse mai kama da tsakuwa, daga nan sai ka ji ƙarar injin ta canza farar ƙura ta fara tashi, to ka taɓo uwar dutsen kenan. Ruwan namu duk a wannan ruɓaɓɓen yake kwance da kuma tsagar dutse in Allah ya sa ka dace da ita. Ba kamar Maiduguri ko Sakkwato ba inda ƙasan yashi ne mai kauri yana riƙe ruwa kamar soso. Mu namu kamar faranti ne, damina ta cika shi rani ya kwashe. Shi ya sa za ka ga an haƙa a gidan nan an samu ruwa kamar me, a tsallaka kwata gidan maƙwabci a yi mita sittin ƙura kawai ke fita, mai gida ya riƙe kai ya ce mun cuce shi alhali tun wajen sabe, wato awon neman ruwa kafin haƙa, aka gaya masa wurin ba tabbas.

To yanzu ka tsaya ka ƙirga min bohol nawa ne a layin ku da bayan layin ku. Lokacin da kakanku ya haƙa rijiyar nan da guga ake ja, mace ta ja guga goma ta gaji ta bari, rijiya ta huta ta sake tarawa kafin safe. Yanzu kowa ya samu kuɗi sai ya sa sumo, injin nan da ake zurawa cikin bohol yana turo ruwa, da can ma ana jiran wuta ko a tada janareta, yanzu sola ta zo tun hantsi har la'asar inji na zuƙa ba ya gajiya, tanki ya cika ya yi ta zuba a ƙasa ba mai kashewa. Wallahi na sha wucewa wata unguwa a Sabon Gari in ga ruwa na kwarara daga saman tanki ya bi kwata, gida na uku kuma yara ne da bokitai suna layi. Rijiyar ku mita goma ce ko sha biyu, na maƙwabcin ku ya sauka arba'in, faranti ɗaya kuke sha shi bakin sa na ƙasa kai naka na sama, wa zai fara rasawa?

Na biyu kuma wanda mutane ba sa lura, ina ruwan zai bi ya shiga ƙasa? Da tsakar gida ƙasa ce, bayan gida gona ce, kowace unguwa a birni da kududdufin ta inda aka ɗebi ƙasar gini, ruwan damina ya taru a ciki ya yi wata da watanni yana tsatsafa ƙasa a hankali. Yanzu an cike kududdufai da bola an yanka filoti, tsakar gida an malale da siminti ko intalok, ruwa na sauka daga kwano sai kwata sai rafin Kubanni sai kogin Galma, cikin awa biyu ya bar gari. Ka hana faranti cika sannan ka ƙara masu sha. Akwai wani dattijo a wajen Tudun Jukun da na yi wa aiki, shi ya ƙi yarda a yi masa siminti a bayan gida, ya sa aka haƙa rami aka cika da duwatsu da yashi aka juyo indararon gidan gaba ɗaya ciki, ƴaƴan sa suna ta yi masa dariya wai tsohon zamani. Rijiyar sa dai takan kai watan Afrilu da ruwa lokacin da na kusa da shi sun daɗe da yin shiru. Ban ce shi kaɗai ne dalili ba, amma ni na gani.

Shawara ta kar ka sake kashe kuɗi a yasa bana, in sun taɓo dutse ba inda za su. Ka bari ruwa ya sauka ka ga ko za ta dawo, galibi tana dawowa wajen Yuli. In bohol za ku yi kuma ku haɗa kai gida huɗu ko biyar ku yi guda ɗaya mai kyau, duk da dai wannan maganar cikin abincina take rage min.

Malam_Samaru:

Bakano, ambaliyar da ka kawo ai hujja ce a kanka ba a kaina ba. Matsalar lambar ƙasa baki ɗaya kenan, tana haɗa mai ruwa har wuya da mai ƙishirwa ta ce matsakaicinsu lafiya lau. Bakin teku wajen Fatakwal da Kalaba suna samun sama da milimita 2,000 a shekara, wani wurin ma ya haura 3,000, mu nan Zariya wajen 1,000 ne ko sama kaɗan, can Nguru da gefen tafkin Cadi kuwa wajen 500 ne. Sannan namu ɗin ma a wata biyar yake zubowa, Mayu zuwa Satumba da ɗan ɓurɓushi a Oktoba, Agusta kaɗai ta kwashe kaso mai tsoka. Ruwan da ya ci gidaje a Lakwaja a watan Oktoba an lissafa shi cikin rabonka, amma kafin Maris yana cikin tekun Atilantika. Har na Kubanni ɗin nan da ke wuce mu, Galma yake faɗawa, Galma ta kai shi kogin Kaduna, Kaduna ta miƙa wa Kwara, sai teku.

Batun haihuwa kuma ni ban kawo shi ba, lissafi na yi. Kuma in ka duba wasu ƙasashe za ka ga lambar ba ita ke yanke hukunci ba. Kwango ta Kinshasa na da ruwan cikin gida wajen kubik mita biliyan 900, rabon mutum ɗaya ya ninka namu sau da yawa, amma miliyoyin mutanenta ba su da tsaftataccen ruwan sha. Masar kuwa kusan ba a ruwan sama, rabon da take riƙe da shi daga kogin Nilu tun yarjejeniyar 1959 shi ne biliyan 55.5, mutanenta sun haura miliyan 100, kowa bai fi ɗari biyar da wani abu ba, amma ka buɗe famfo a Alƙahira ruwa zai zo. Wanda ya je Umara ya ga Saudiyya, ba kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara, ruwan teku suke tacewa da kuɗin mai. Su ma dai sun ɗanɗana, sun yi shekaru suna noman alkama a hamada da ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda ba ya sabuntawa, da suka ga yana ƙarewa suka fara janye hannu daga 2008. Maƙwabtanmu Nijar abin ya fi ban mamaki, nasu na cikin gida biliyan 3.5 ne kacal, rabon mutum bai kai 150 ba, amma in an haɗa da Kwara da ke ratsa su sai ya haura dubu. Wato kusan duk ruwansu daga gidan wani yake zuwa, shi ya sa duk wanda zai gina dam a saman kogi sai na ƙasa ya zaro ido.

Mu kuma duk abin da muke ɗiba a shekara, noma da gidaje da masana'antu, ƙiyasin da aka yi bai wuce biliyan 12 zuwa 13 ba, ko kashi goma cikin ɗari na abin da muke da shi bai kai ba. Saboda haka ni a ganina Najeriya ba ta kai ga rashin ruwa ba tukuna, rashin wurin ajiya da bututu da kula ne ke damunmu. Amma fa kar a ɗauka sauyin yanayi ba ya ciki, dattawa sun san farin 1973 da na 1984, kuma tafkin Cadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya tsuke ƙwarai bayan waɗancan shekarun. Zanen ƙanin Ɗan Kwarbai ne dai ba ya iya nuna wannan, tunda biliyan 221 ɗin da ake rabawa ba ya motsi.

Maman_Ilham:

Sannunku da ƙoƙari, Malam Allah ya ƙara basira na ƙaru sosai. Amma ku maza kuna ta biliyan biliyan, mu da ke tsakar gida mu muka san lissafin na gaskiya. Ni a Gyallesu nake, mu goma sha ɗaya ne a gidan har da surukata da ba ta iya tashi sai an yi mata komai. Ruwan wanke shinkafa ba na zubarwa, shi nake ɗauraye kwanuka na farko da shi, ruwan ɗaurayar wanki shi ake kai wa banɗaki, yara uku a baho ɗaya nake musu wanka ƙaramin ya fara. Famfon gidan kuwa tun ina amarya ake cewa an kusa, an fasa titi an sa bututu muka yi ta murna, yakan zo wani lokacin cikin dare wajen ƙarfe biyu ya yi tari ya tofo ruwa ja na minti ashirin ya ɗauke, na sha kwana zaune da bokiti a gabansa kamar mai jinya. Kuma duk Zariya an san an gina sabuwar matatar ruwa mai lita miliyan 150 a rana, ga dam ɗin Galma can wajen Kubau. Ruwan yana nan kenan, hanyar da zai iso tukunyata ce ban sani ba.

Abin da nake so in tambayi Malam, ya ce rabon kowa jarka ɗari a rana, to ina sauran nawa suke tafiya? Ni ko biyu ba na samu.

Manomin_Galma:

Hajiya Maman Ilham wani ɓangare na jarkokin ki yana wuri na, ki yafe min hhh. Ni noman rani nake a fadamar Galma ta wajen Dakace, tumatir da albasa da ɗan masara, kuma in gaya miki gaskiya abin da injina ɗaya ke zuƙa daga safe zuwa azahar ya isa layinku gaba ɗaya wanka na kwana da kwanaki. Ai a duniya ma an ce kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake ɗiba noma ne ke shanye shi, kilo ɗaya na shinkafa sai ya ci lita dubu biyu zuwa uku kafin ya iso tukunya. To kin ga kwanon shinkafar da kika dafa jiya ya sha ruwan da ya fi wanda kika saya wajen mai kura a wata guda, ba ki dai gan shi ba ne.

Mu ma a nan muna ganin abin da Mai Burtsatse ya faɗa. Lokacin mahaifina da jigo ake ban ruwa, mutum ya wuni yana ja bai shayar da fiye da ƴan kwami ba, kuma masu lambu a bakin kogin ana iya ƙirga su. Yanzu ka tsaya a gada da sassafe cikin Fabrairu ka saurara, ƙarar inji ce ta ko'ina kamar ƴan acaba sun taru, tiyo a jere har inda idonka ya tsaya. Kafin ƙarshen Maris kogin ya koma ƴan gurabe, sai mu shiga tsakiyar yashi muna haƙa rami muna jiran ya tsatso, na sama ya tare da buhunan yashi na ƙasa ya zo da faɗa, makiyayi ma ya iso da shanunsa yana neman inda zai shayar ya tarar duk mashayar an shuka albasa. Bara sai da masu unguwa suka zauna a kan wata tare ruwa da aka yi. Mutanen Hadeja da Nguru ma ai irin kukan da suka daɗe suna yi kenan tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa daga baya, ruwan da ke malala musu fadama ya ragu.

Kuma mu manoma muna da namu laifin, ba na ɓoyewa. Mukan sake ruwa ne a kwami har ya kwanta kamar tafki da tsakar rana, rabi rana ta ɗauke. Na gwada ban ruwa da yamma liƙis da rufe gindin tumatir da ciyawa, man da nake saye ya ragu sosai, amma ka gaya wa maƙwabcinka ya ce kai dai rowar fetur ke damunka.

Malam_Samaru:

Hajiya, Manomin Galma ya ba ki rabin amsa, sauran rabin kuma yana bin kwatarku duk Agusta. Ki gwada wannan lissafin da maigidan. In rufin gidanku taku goma ne a tsaye goma a kwance, ina nufin mita, to ruwan Zariya na shekara ɗaya da ke sauka a kansa ya kai lita 100,000, jarka dubu huɗu kenan. Ku goma sha ɗaya in kowa zai yi amfani da lita 50 a rana, wanda shi ne abin da aka ƙayyade wa mutanen birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu a 2018 lokacin da dam ɗinsu suka kusa ƙafewa, zai kai ku wajen wata shida. Kusan tsawon raninmu. Na san ba mai tankin da zai ɗauki wannan duka, kuɗinsa ba na talaka ba ne, kuma ruwan farko da ya wanke ƙurar kwano da kashin tsuntsu ba a tara shi. Amma ko kashi ɗaya cikin goma aka riƙe an rage wa mai kura ciniki, sauran kuma a bar shi ya nutse a gida kamar yadda dattijon Tudun Jukun ya yi maimakon a kora shi titi. Sai dai a kula ramin ya yi nesa da masai, in ba haka ba an gudu daga ƙishirwa an faɗa amai da gudawa.

Bakano_a_PZ:

To Malam na ji, na sauko rabi. Amma maganar 2050 ɗin nan dai Allah ne masani. Mai Burtsatse turo min lambarka ta inbox, shagonmu ma tankin ya kwana uku ba ya cika.

Ɗan_Kwarbai:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Mai Burtsatse na bi maganarka na fita bayan sallar isha'i na ƙirga, daga ƙofar gidanmu zuwa masallacin layi bohol bakwai ne, huɗu da sola, kuma uku daga ciki ba su kai shekara biyar ba. Kududdufin bayan gidanmu da muke kamun tarwaɗa muna yara kuwa yanzu shaguna ne a kai. Na karanta wa Baba duk abin da kuka rubuta, da na zo wurin siminti sai ya kalle ni kawai bai ce komai ba, don ni ne na matsa aka malale tsakar gidan lokacin bikina, shi tun farko bai so ba.

Yanzu dai ya ce gobe in kira masa Alhajin da ke jikin gidanmu da sauran maƙwabta biyu su zauna a zaure a kan maganar bohol ɗaya na haɗin gwiwa. Mai Burtsatse in an tashi yin ramin nan na indararo, taku nawa ya kamata a bari tsakaninsa da rijiya, kuma wane irin dutse ake zubawa a ƙasa? Bakano kai kuma rijiyanmu ya gode, ya ce a gaishe ka.